Majami'ar mishan ta Damagaram: asalinta, tsarinta, da aikinta a yau

Yau bayaninmu a kan wata tsohuwar maƙwabciya ne da ke cikin birnin Damagaram, wadda da yawanmu ke wuce ƙofarta ba tare da mun san tarihinta ba. Muna nufin majami'ar Kiristoci ƴan Furotesta, wadda tsofaffi ke kira mishan, wadda kuma yau take ƙarƙashin Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, EERN a taƙaice. A Damagaram ne aikin mishan na Furotesta ya fara kafa tasharsa ta farko a duk faɗin ƙasar Nijar, a shekarar 1924. Ke nan a 2024 ta cika shekara ɗari cur. Abin da ya yi shekara ɗari a gari kuwa ya wuce a kira shi baƙo, ya kamata a san shi.

Damagaram kafin zuwan mishan

Kowa ya san Damagaram gari ne na sarauta da malanta. Gidan sarautar ya samo asali daga Malam Yunus tun ƙarni na 18, kuma a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera bindigogi, fataken Sahara suka cika Zango. A 1898 aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a garin, lokacin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, nan kusa da mu, suka shiga birnin. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedkwatar mulkin mallaka ta ƙasar, kafin a mayar da ita Yamai.

To, a cikin waɗannan shekarun ne, lokacin da gwamna ke zaune a Damagaram, ƴan mishan suka iso. Dalilai biyu suka jawo su. Na ɗaya, a nan ake neman izinin zama daga hukumar Faransa. Na biyu, hanyar fatauci ta Kano, wadda ba ta wuce kilomita 240 ba, ta haɗa garin da arewacin Najeriya, inda suka riga suka zauna suka koyi Hausa.

Su wane ne suka kafa ta

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Waɗanda suka kafa mishan ɗin Damagaram masu jin Ingilishi ne, daga ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Ingila. Ba gwamnatin Faransa ta aiko su ba. Ƙungiyarsu ita ce Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Sudan a nan tana nufin ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara, yadda Larabawa suke kiransu tun da.

Matasa uku suka fara ta a 1893: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Sun sauka Ikko a ƙarshen wannan shekara, biyu na farko suka mutu da zazzaɓi a 1894, Bingham kaɗai ya tsira ya koma Kanada. Sai a 1902 ƙungiyar ta samu kafa tashar farko a Pategi, ƙasar Nufe, a bakin Kwara. Daga can suka yi ta hawowa arewa. Turawan Ingila ba su cika barinsu su yi wa'azi a cikin manyan biranen sarakunan Musulmi ba, don gudun ɓata wa sarakuna rai. Wannan na cikin abin da ya sa suka dubi ƙasar Hausa da ke hannun Faransa.

A wannan ɓangaren ma ba a shimfiɗa musu tabarma ba. Kwamandojin Faransa sun riƙa kallonsu da zargi, wai ko idanun Ingila ne, kuma zargin ya ƙaru lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Nijar ke ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai gaba da Ingila. Ga kuma dokar da ta ce karatun lakwal sai da Faransanci, alhali su da Hausa suke aiki. Ka ga ke nan tun farko wannan majami'a da mulkin Faransa zaman doya da manja suka yi.

Daga Damagaram zuwa Tsibiri

A Damagaram ƴan mishan sun tarar da gari mai riƙe da Musulunci gam, mai malamai da makarantun allo a kowace unguwa. Waɗanda suka bi su kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa a 1927 suka buɗe tasha ta biyu a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, inda a lokacin akwai Anna da yawa masu bin al'adun gargajiya. Sannu a hankali nauyin aikin ya koma can. Tsibiri da Maraɗi suka zama cibiya, Damagaram ta zama uwa mai ƙaramin ɗaki.

Ayyukan da jama'a suka fi sanin SIM da su duk daga baya suka zo. Asibitin Galmi, a jihar Tawa, an buɗe ta a 1950, kuma har yau mutanenmu na tafiya can neman aikin fiɗa. Asibitin kutare ta Danja, kudu da Maraɗi, ta biyo baya a shekarun 1950. Akwai makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Agye. Har ila yau, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ne tun 1983 ya yi ta ƙarfafa manoman Maraɗi su bar tohon itatuwa a gona su riƙa yi masa aski maimakon sarewa, abin da muke kira sassaben zamani. Manomi Musulmi da manomi Kirista duk sun ci moriyar wannan.

Wani abin da ya tsaya wa Kiristocin ƙasar a rai shi ne maganar lakwal. SIM ta fi ba wa'azi da karatun Hausa ƙarfi, ta yi jinkirin buɗe makarantun Faransanci. Da ƴancin kai ya zo a 1960, ƴaƴan masu bi kaɗan ne ke da takardar shiga aikin gwamnati. Wannan ya jawo ƙorafi mai tsawo tsakanin ƴan ƙasa da Turawan mishan.

Yadda ta koma hannun ƴan ƙasa

A farkon shekarun 1960 majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ikilisiya mai cin gashin kanta, wato EERN, da shugabanni ƴan Nijar. A Najeriya an riga an yi irin haka a 1954, inda aka samu ECWA. Saboda haka EERN da ECWA uwarsu ɗaya. Ɗan Damagaram Kirista in ya je Sabon Garin Kano ya shiga ECWA, zai tarar da waƙoƙin da ya sani da tsarin sujadar da ya saba.

Wajen 1990 rikicin shugabanci ya raba EERN. Daga cikinta aka samu ƙungiyar UEEPN da kuma ikilisiyar Salama. Bayan buɗe fagen dimokuraɗiyya da babban taron ƙasa na 1991, wasu ɗariƙu kuma suka ƙaru a birane, galibi daga Najeriya, Benin da Burkina Faso. Shi ya sa yau in ka ji an ce "coci" a Damagaram, sai ka tambaya wacce. Yawancin na Furotesta suna haɗuwa a ƙarƙashin inuwa ɗaya da ake kira AMEEN, wadda ke magana da hukuma da sunansu.

Majami'ar Katolika kuma dabam take. Su fada-fada ke jagorantarta, suna bin Paparoma, aikinsu a Nijar ya fara ne a Yamai a 1931, kuma ta Damagaram tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, wanda aka kafa kujerarsa a 2001. Lakwal ɗin mishan da ƴaƴan Musulmi da yawa na birnin suka yi karatu a ciki ta Katolika ce.

Me ya haɗa ta da Presbiteriyan

Ƴan'uwanmu da ke Amurka, Ingila, Gana, Kamaru ko kudancin Najeriya suna ganin tsofaffin majami'u a tsakiyar birane da wannan suna, Presbiteriyan. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta dattijo. Wato ikilisiya ce wadda dattawa zaɓaɓɓu ke mulkinta tare da fasto, babu bishop a sama, babu Paparoma. Tushenta koyarwar Jean Calvin ce a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, sai almajirinsa John Knox ya kai ta Sikotilan, inda ta kafu a 1560. A Afirka ta yamma, mishan ɗinsu ya sauka Kalaba a 1846 ta hannun Hope Waddell, kuma can ne Mary Slessor ta yi suna wajen hana kashe tagwaye.

SIM ba ta ɗariƙa ɗaya ba ce, ta tara ma'aikata daga ɗariƙu dabam-dabam. Saboda haka majami'ar Damagaram ba ta ɗauke da sunan Presbiteriyan. Amma akwai zumunci ta hanya biyu. Ta farko, tsari: a kowace majami'ar EERN dattawan ikilisiya ne ke zama da fasto su yanke shawara kan kuɗi, horo da sulhu, sannan wakilai su haɗu a matakin yanki, daga nan zuwa babban taro na ƙasa wanda ke zaɓen shugabanni. Ta biyu, ƙawance: EERN na cikin ƙungiyar duniya ta ikilisiyoyin da ke bin tafarkin Calvin, kuma tana aiki da ikilisiyar Presbiteriyan ta Amurka a fannin lafiya, ruwan sha, yaƙi da jahilci da horar da masu bishara.

Akwai kuma inda suka rabu. Ƴan Presbiteriyan suna yi wa jarirai baftisma da yayyafa ruwa. Majami'un da suka fito daga SIM kuwa sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nitsar da shi cikin ruwa.

Wani bambancin na zamani ne. A Sikotilan da biranen Amurka, tsofaffin majami'u da yawa sun rasa masu zuwa, an sayar da su, wasu sun zama ɗakin taro, wasu gidajen haya, wasu ma masallatai. Ta Damagaram jama'arta ba su da yawa, amma ana shigarta kowane mako don abin da aka kafa ta dominsa.

Abin da ake yi a cikinta

Ranar Lahadi da safe ita ce babbar sujada. Ana waƙoƙi, ana addu'a, ana karatu daga Littafi Mai Tsarki, fasto ko wani dattijo ya yi wa'azi, a karɓi baiko. Da wannan baikon ake biyan fasto, kuɗin wuta da ruwa, a taimaki gwauraye da marasa lafiya. Harsunan sujada Hausa ne da Faransanci, sau da yawa da tafinta. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke ya fito tun 1932, cikin waɗanda suka yi aikin fassarar akwai Dakta Walter Miller na Zariya, kuma an sake sabunta fassarar bayan haka. Kalmomin da za ka ji a ciki namu ne: Allah, Ubangiji, Almasihu, Linjila, zunubi, tuba, gafara.

Ƙashin bayan majami'ar mata ne. Ƙungiyarsu ana kiranta zumuntar mata. Suna da ranar taronsu a mako, da zane iri ɗaya na bukukuwa, su ne kuma ke zuwa gaisuwar haihuwa da ta mutuwa, su dafa abincin taro, su haɗa kuɗi in wata ta shiga matsala. Akwai ƙungiyar matasa, ƴan waƙa, da karatun yara na ranar Lahadi. Manyan bukukuwa biyu ne, Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, da Ista wadda ranarta ke canzawa tsakanin Maris da Afrilu. Duk biyun hukuma ta san da su a kalandar hutun ƙasa.

Su wa ke zuwa? Akwai iyalan Hausawa waɗanda kakanninsu suka bi mishan tun zamanin Turawa, a nan ko a ƙasar Maraɗi. Akwai ma'aikatan gwamnati, sojoji da jandarmomi da aiki ya kawo daga wasu jihohi. Akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou. Akwai kuma ƴan kasuwa da masu sana'a daga Najeriya, Benin da Togo. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari a Nijar, Kiristoci kuwa ba su kai kashi ɗaya ba. A jihar Damagaram sun fi haka ƙaranci.

Ga masu neman takardu daga waje, ku lura: ɗaurin aure a majami'a, kamar na masallaci, ba ya maye gurbin takardar aure ta magajin gari. Haka takardar baftisma ba takardar haihuwa ba ce. Wanda ke son kai iyalinsa wata ƙasa, takardar hukuma za a tambaye shi.

Ranakun da ba a mantawa

Wannan tarihi yana da tabo, kuma ɓoye shi ba zai warkar da shi ba. Ranar Juma'a 14 ga Satumba 2012, bayan wani fim da aka yi a Amurka na ɓatanci ga Annabi (SAW), masu zanga-zanga sun farfasa majami'ar Katolika ta Damagaram.

Abin da ya fi muni ya zo a 2015. Ranar 7 ga Janairu aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a Paris, mutum 12 suka mutu. Ranar 11 ga wata shugaba Mahamadou Issoufou ya shiga jerin gwanon shugabanni a can. Ranar 14 jaridar ta sake buga zanen ɓatanci. Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram. Aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki, aka cinna wa majami'u wuta, na Katolika da na Furotesta, da makarantu da gidaje da shagunan Kiristoci. Mutum biyar suka rasa rayukansu a birnin. Kiristoci ɗaruruwa suka kwana a barikin soja. Washegari wutar ta kama Yamai, inda ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona, aka kuma rasa wasu mutum biyar. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku.

Fushin Musulmi kan zanen gaskiya ne, babu mai musu. Amma waɗanda suka yi zanen ba ƴan majami'a ba ne. Jarida ce da ba ta bin kowane addini, ta sha yin ba'a ga Paparoma da Annabi Isa (AS) ma. Wanda aka ƙona wa gida a Damagaram kuwa tela ne, ko malamin lakwal, ko ma'aikaciyar asibiti, mai jin Hausa kamar kowa, wanda bai taɓa ganin jaridar ba. Rashin sanin tarihi ya sa aka haɗa majami'a da Faransa a tukunya ɗaya, ga zaman banza na matasa da zafin siyasa sun ƙara wa wutar iska.

A rana guda ɗin kuma an ga ɗayar fuskar garin. Maƙwabta Musulmi sun ɓoye iyalan Kirista a cikin gidajensu, wasu sun tsaya ƙofa sun hana a shiga. Malamai sun fito a talabijin na ƙasa sun yi kira a kwantar da hankali. A wa'azin da ya biyo baya an yi ta tunatar da jama'a yadda Sarki Najjashi na Habasha, Kirista, ya ba sahabbai mafaka, da yadda Annabi (SAW) ya karɓi baƙuncin Kiristocin Najran a Madina. Shugabannin Kirista su ma sun kira mabiyansu da su yafe, kada su rama.

Bayan wuta

A shekarun da suka biyo, an sake gina yawancin majami'un da aka ƙona, da gudummawar masu bi da taimakon ƙungiyoyin waje. Wasu iyalai, musamman baƙi, sun tafi ba su dawo ba. Waɗanda asalinsu nan ne sun zauna, don ba su da wani gari. Kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai, da ke haɗa limamai, fastoci, fada-fada da wakilan sarakuna, sun ƙara ƙarfi, kuma fadar Sarkin Damagaram tana cikin masu faɗa a ji a irin wannan zama. A 2019 majalisar dokoki ta amince da doka kan gudanar da ibada, wadda ta shafi masallatai da majami'u baki ɗaya. A watan Yuni na shekarar aka ƙona wata majami'a a Maraɗi, abin da ya nuna garwashin bai mutu duka ba.

Mu nan karkara, inda kusan kowa Musulmi ne, abin ya shafe mu ta hanyoyi biyu. Ta farko, ƴaƴanmu ne ke tafiya birni cin rani, su ne kuma ake ja cikin taro in hankali ya tashi. Yaron da ya bar gida da sanin cewa mai majami'ar nan ɗan ƙasa ne, kakansa ma nan aka binne shi, zai yi tunani kafin ya ɗauki ashana. Ta biyu, ƴan'uwanmu da ke Kwatano, Lome, Akara, Abijan da kudancin Najeriya su ne marasa rinjaye a can. Masallatansu na zango suna tsaye ne cikin amanar maƙwabta Kirista, kuma labarin abin da aka yi a Damagaram yana isa can kafin gari ya waye. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

In maƙwabci Kirista ya gayyace ka aure ko ya yi rashi, gaisuwa ba ta buƙatar ka shiga sujadarsa. Ana iya tsayawa a farfajiya, a yi barka ko a yi ta'aziyya, a koma gida, kamar yadda su ma suke zuwa mana barka da Sallah. Sannan duk wani saƙon WhatsApp da ya zo da hoto ko murya yana cewa an yi kaza a majami'a kaza, a tambayi mai gari ko liman kafin a tura wa wani.

Allah ya zaunar da Damagaram da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu gida cikin alheri.